Ƙaramin Injin Katako

"Tunda kin nace sai kin biyo ni, zaɓi ɗaya," in ji maigidana. Injinan tsaga katako biyu dillali ya ajiye a kasuwar Matameye, babba da ƙarami.

Gawon gonarmu maigidana yake hari. Sojoji sun hana sara, ya ce yunwa ta fi su kusa. Tun da aka shiga fari nonona ya ƙafe. 'Ya'yan gawon nan akuyarmu ke ci, madararta ɗana ke sha.

Na kwance majanyi, na gwada tsawon bakin kowane inji da shi.

"Ƙaramin," na ce.

Dillali ya tuntsire da dariya. "Uwargida, wannan ai ba ya cin babban gungume!"

Na sani. Da wannan majanyin na auna gindin gawon yau da safe.