Kifin da Ya Ɓata

"Ku dubi tarkacen da suka rataye," in ji Dwight, yana nuna bangon sabon gidan abincin da cokali. "Jiya-jiya aka buɗe, amma sun cika bango da tsoffin kaya, wai su tsoffin hannu. Bola kawai suka kwaso."

Yau ne saurayin 'yarsa, Colby, ya fara zama cin abinci da su, don haka Dwight ya ɗauko labarin da ya saba, na kifin da ya kama a tafkin Erie. Ya ware hannuwa har ya kusa kifar da kofin giyarsa.

"Kamar haka, yaro! Na sa aka busar da shi, aka kafa a katako da sunana. Garin ƙaura ya ɓata."

Matarsa Lorna ta ci gaba da yankan namanta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Colby ya ƙura wa bangon da ke bayan Dwight ido. "Baba, ba Kessler ne sunanka ba?"

Dwight ya waiwaya. Ga kifinsa nan rataye a bango, sunansa na ƙyalli a ƙasa. Duk tsawonsa bai wuce tafin hannu ba.

"Bai ɓata ba," in ji Lorna. "Kyauta na ba su. Sun ƙi saye."