Zoben Ningsih

Sugeng ya kai cokali baki ke nan sai ga mai gidan rediyonsu, Pak Wiryo, ya shigo rumfar mai taliya. Rediyon da ke rataye a rumfar kuwa muryar Sugeng yake ta zubawa: "Kai tsaye nake zuwa muku daga ɗakin watsa shirye-shirye!"

Tun da ya samu manhajar da ke kwaikwayon muryarsa, har ta amsa kiran masu sauraro, kullum kunna ta yake ya sulale. Yau dai asiri ya tonu.

"Maigida, wallahi yunwa ce ta..."

"Yi mini shiru, ga Ningsih ta bugo."

Ningsih ce mai kiran shirinsa kullum daga garin Wonogiri, mai zaƙin muryar da ta sa Sugeng ya fara rina furfurarsa.

"Mas Sugeng, in ban ji ka ba, abinci ba ya shiga!" in ji ta a rediyon.

Sugeng ya samu ƙarfin gwiwa. "Ka ji ko, Maigida? In ka kore ni, me za ka ce wa masoyana?"

Pak Wiryo ya jawo kwanon Sugeng gabansa. "Waɗanne masoya? Tun bara ba mai kiranmu. Ni na ƙirƙiri Ningsih da irin manhajar taka."

Sugeng ya shafa kansa a hankali. "To, zoben da na aika mata fa?"

Pak Wiryo ya ɗaga ƙaramin yatsansa. "Ya ɗan matse ni, amma na gode."