Wasiƙun Zanzibar

Jirgin ya tsaya a Zanzibar da hantsi, aka sauke matakala, baƙi suka fara gangarowa da manyan hulunan rana.

"Maimaita min wurin ƙofofin nan," in ji Hure.

'Yarta Hafsatu ta gyara riƙon takardar, ta maimaita. Ƙofofi ne na katako masu sassaƙa, an daddasa musu ƙusoshin tagulla. Lungunan garin matsattsu, mutum biyu ba sa jerawa. Iskar wurin kuwa duk ƙamshin kanumfari. Can ƙarshe, kamar kullum, Uwaisu yana gaida Inna, yana nan tafe.

Hure ta karɓi wasiƙar ta kai hanci. Tun da yanar ido ta rufe mata gani, da hanci take karatu. Akwai maiƙo a jikin takardar, da ƙamshin yaji. Ta yi murmushi. Ko ba komai Uwaisu yana cin nama, a shekarar da mutanen ƙauyensu, nan kusa da Kunci, suka koma dafa rama da gishiri.

Shekara uku ke nan da ɗan nata ya hau motar Agadez, lokacin da taki ya gagari kowa. Shekara biyu ba amo ba labari. Hure ta daina cin abinci, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Sai wata ranar kasuwar Ɗanbatta Hafsatu ta dawo da wasiƙa ta farko. Wai Uwaisu ya samu aikin wanke kwanuka a katafaren jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido. Da Turanci yake rubutu, sai dai Hafsatu ta fassara, tunda ta gama sakandare. Ran nan Hure ta tashi zaune ta shanye kofin kunu.

Yanzu wasiƙun sun kai sha ɗaya, duk a ranar kasuwa suke zuwa. Jirgin bai taɓa barin Zanzibar ba. Uwaisu bai taɓa tambayar tunkiyarsa ba, balle damina. Aiki ne ya yi masa yawa, haka Hure take ce wa kanta.

Basiru, ƙanen marigayi mijinta, shi bai yarda ba. Cewa yake hamada ta daɗe da cinye yaron, a raba gonar da Uwaisu ya gada, a yanka masa rabonsa. A ƙasar da ko bakin hanya an shuka gero, 'yar gonar nan ta gindin ɗorawa ita ce cinsu da shansu. Kuma ranar da aka ja igiya a cikinta, ranar gari ya saka Uwaisu cikin matattu. Mai unguwa ya ce a kawo shaidar yana raye kafin ruwan shuka, in babu, za a raba.

"Inna, ki rabu da su," in ji Hafsatu. "Maganar ɗa da uwarsa ba ta zaure ba ce."

Hure ta jira har Hafsatu ta tafi kai niƙa, ta buɗe kwallarta ta kwashe wasiƙun, ta ɗauki sanda ta bi jikin katanga.

Ta tarar da zauren mai unguwa a cike. Ta tsinkayi muryar Basiru, da ta Khalilu, mai tsire a tashar Ɗanbatta, wanda ya zo gaisuwa. Ta durƙusa ta ajiye takardun.

"Ga ɗana nan, ranka ya daɗe. Yana Zanzibar. A karanta da ƙarfi, don Basiru kurma ne in ana maganar masu rai."

Ta ji takardun suna bin hannu hannu. Ba wanda ya karanta. Daga gabas iska ta shigo da ƙamshin hadari.

Khalilu ya yi gyaran murya, a hankali, kamar mai neman gafara.

"Ranka ya daɗe, ai takardun da nake naɗe tsire ne, daga wata tsohuwar mujalla. Duk ranar kasuwa 'yarta Hafsatu kan tsaya ta roƙi mai hoton jirgi, ko tsinke ɗaya ba ta taɓa saya ba."