Wuri na Tara a Taswirar Masu Nutso

Inna ta yage taswirar daga bangon shagonsu na kayan nutso, a gaban baƙin da ke jiran tukwanen iskar shaƙa. Wuraren nutso sha biyu aka zana kewaye da gaɓar tsibirin Sulawesi, na taransu kuwa jirgin ruwan da ya nutse da mijinta ne.

"Ke kika sa shi?" ta daka wa 'yarta tsawa. "Kabarin ubanki kike kai Turawa su yi hoto? Tir da ke, Tenri!"

"Ni ce, Inna."

Mari ya sauka. Tenri ko kuncinta ba ta shafa ba.

"Makon jiya na nutsa wurin jirgin, na tarar masu sayen tsohon ƙarfe sun yanke farfela. Hukuma ta ce jirgin da babu mai ziyartarsa bola ne. Saura ɗakin inji, inda Baba yake."

Inna ta daɗe tana huci. Can ta juya kan baƙin, ido jawur.

"Me kuke jira? Ku shiga kwalekwale! Amma wallahi duk wanda ya taɓa min ko ƙusa ɗaya, ni da shi ne."