Jamhuriyar Rabo ta Bayan Pissy

Ranar da farar motar ta tsaya a bakin gona, Rabo yana kan tsani yana ɗaura tutar ƙasa. Tutar nan zanen matarsa Talatu ce, kuma har yau ba ta yafe ba.

Shekara huɗu ke nan da ya kafa ƙasar tasa. A 2003 Rabo ya dawo daga Lome da babbar motarsa, ya tarar katafila ta share gidansu na unguwar Zango a babban birnin Burkina, ko ƙyaure bai tsinta ba. Ya yi kuka, ƙato da shi. Ya kwashi Talatu da awaki, suka tare a gonar da wani mai gari ya ba mahaifinsa da baki, can bayan unguwar Pissy, ya rantse ba mahaluƙin da zai sake tashinsa.

Dabara kuwa yana da ita. Shekara talatin yana tuƙi, bai taɓa ganin katafila ta ƙetare iyakar ƙasa ba. To, shi ma sai ya yi iyaka.

Ya gitta igiya a hanya, ya sa aka sassaƙa masa hatimi, ya naɗa kansa shugaban ƙasa. Talatu ya ba ta ministar cikin gida, tunda dama can take wuni. Juyin mulki sau ɗaya aka taɓa yi, ranar da ta hana shi tuwo, kuma kafin la'asar gwamnati ta miƙa wuya.

Saura abu guda, Burkina ta amince da shi. Duk wata sai ya shiga gari ya sa a rubuta masa wasiƙa da Faransanci, ya haɗa da taswirar da ya zana da hannunsa: ga rijiya, ga mangwaro tara, ga ƙaton dutsen da yake zama a kai yana mulki. Wasiƙa arba'in, shiru kake ji.

Sai ga mutanen gwamnati yau a farar mota, su uku, kowa da kwat.

Rabo ya duro daga tsani, ya ɗaga musu igiya da kansa. Suka auna iyaka gefe huɗu. Suka ƙirga ɗakuna da itatuwa, abin da ya tabbatar masa ƙidaya ce irin ta ƙasashe. Ɗayansu ya ƙwanƙwasa dutsen da ƙaramar guduma, ya dubi 'yan'uwansa, duk suka yi murmushi. Rabo ma ya yi. Ai fadar kowa a duniya sai an gwada ƙarfinta.

Da suka miƙo takarda, ya karɓa da hannu biyu. Bai iya karatun Faransanci ba, amma kalmar farko ya sha ganinta a allon kowace iyaka: État. Ƙasa! Ya hura wa hatimi iska, ya danna da dukkan ƙarfinsa.

"Talatu! A yanka ragon nan!"

Baƙi suka ci har suka sassauta ɗamara. Direbansu, wani Bamaraɗe mai suna Mani, ya koma gindin mangwaro da kwanonsa. Rabo ya bi shi, direba da direba.

"Ɗan'uwa, kai da ke jin hirar manya, yaushe za su turo mini jakada?"

Mani ya daina tauna. "Baba, wane jakada?"

"Ba ga shi sun rubuta État ba?"

Mani ya ajiye ƙashin da ke hannunsa, ya kasa haɗa ido da shi.

"État des lieux suka rubuta, Baba. Takardar da ake cikewa ke nan kafin a tashi mutum, masu fasa dutse za a ba wurin. Wallahi a ofis ba wanda ya san akwai dutse a nan, sai da wani bawan Allah ya dinga aiko musu da taswira duk wata."