Na Koma Zance da Furfura

Tun da asibiti suka sa wa matata Kande wani awarwaro saboda ciwon mantuwa, kowace safiya yana nuna shekarar da ta farka a ciki. Doka ta ce duk gidan mu bi ta can, ba a yi mata gardama. Bara tana raino. Yau ya nuna shekarar da nake neman aurenta. Kullum baya yake ja.

Tun jiya ta ƙi cin abinci. Da ta gan ni, ta ce wane ƙato ne a gidan babanta.

Asabe, malamar jinya, ta ce, "Baba, fita za ka yi ka zo zance."

Na ce, "Ni? Sarkin Fawa guda?"

'Yata Larai ta ce, "Ranka ya daɗe, ga hula, ga tsire. Inna yunwa take ji."

Na fita. Na tsaya a ƙofar gidan da na gina, maƙwabta suna dariya, na yi sallama.

Kande ta fito tana rufe fuska. Ta karɓi tsiren, ta cinye tas. Sannan ta dube ni.

"Kai ne Ɗanjuma mahauci? An ce mini yaro ne."

"Wahalar nemanki ce ta tsofar da ni."

Ta yi dariya har da hawaye. "Gobe ka dawo. Amma ka gyara farin gemun nan, kada ƙawayena su gani."

Na shiga na ce Larai ta kwaɓa mini lalle.