Kirfa Cokali Nawa?

"An kori ƙara," in ji alƙali.

Shekara shida ina shari'a da gwamnati kan sauraron wayata ba da izinin kotu ba. Hukuncin gwanin sha'awa: sai na kawo shaidar an saurare ni, shaidar kuma sirrin ƙasa ce, ba ni da ikon gani. Kai, ilimi da daɗi!

A hanyar fita lauyan gwamnati ya riƙe min ƙofa, ɗan albarka.

"Kada ki ƙullace ni, madam, aiki ne. Af, matata ta gwada kek ɗin kabewa irin na mahaifiyarki ranar bikin Godiya na shekara-shekara. Har faranti muka suɗe."

Sau ɗaya tak Mama ta faɗi yadda take haɗa shi: a waya, daga gadon asibiti a Ohio, kwana uku kafin ta rasu. Kuka ya hana ni rubutawa. Duk shekara sai na gwada, bai taɓa yin daidai ba.

Na haɗiye fushin shekara shida na ce, "Don Allah, kirfa cokali nawa Mama ta ce?"

Ya yi murmushi.

"Ayya, madam. Wannan sirrin ƙasa ne."